Yadda Ake Fara Koyon Harshen Danmak: Furuci da Nahawu Mataki-Mataki

Tambayar ta yawaita daga 'yan'uwa masu shirin tafiya Danmak, wasu karatu, wasu aikin jinya, wasu bin miji ko mata: ta ina ake kama harshen nan? Wasu ma sun riga sun isa, sun yi watanni a aji, suna iya karanta wasiƙar hukuma su gane rabinta, amma da mai kanti ya buɗe baki sai su ji kamar ba shi ne harshen da suke koyo ba.

Dalilin ɗaya ne. Mu da muka tashi da rubutun boko mun saba cewa abin da aka rubuta shi ake faɗa. A harshen da masu shi ke kira *dansk*, rubutu daban, furuci daban. Nahawunsa kuwa bai kai na Faransanci ko Larabci wuya ba, har akwai wuraren da Bahaushe zai ji kamar a gida yake. Saboda haka na jera matakan nan yadda kunne zai riga ido, kuma ina roƙon a bi su a jere. Duk inda na rubuta furuci da haruffan Hausa, kusantarwa ce kawai, muryar mai harshen ita ce alƙali.

Mataki na 1: Tanadi kayan aiki, ka san abin da za ka kashe

Abu huɗu kake buƙata: waya mai intanet, iyafis, ƙaramin madubi, da littafin rubutu guda ɗaya wanda ba a haɗa shi da komai ba.

A wayar, buɗe ƙamus ɗin Den Danske Ordbog a ordnet.dk. Kyauta ne, yana da manhaja, kuma galibin kalmominsa na ɗauke da alamar lasifika da za ka danna ka ji yadda ake faɗarsu. Yana kuma nuna jinsin kowane suna da jam'insa da sauye-sauyen aikatau. Duolingo na da darasin dansk, amma ta hanyar Turanci, kuma amfaninsa bai wuce tara kalmomi ba. Don karatu mai sauƙi akwai DR Ligetil, labaran gidan rediyo da talbijin na ƙasar da ake rubutawa da gajerun jimloli. Ga wanda bai tafi ba tukuna, kuɗin data ne kawai zai kashe a watannin farko.

Wanda ya isa, ya kai shekara 18, ya samu lambar zama ta CPR, yana da haƙƙin shiga ajin gwamnati ta hannun ƙaramar hukumarsa, wato *kommune*. Tun watan Yulin 2020 karatun kyauta ne, sai dai ma'aikata da ɗalibai masu ɗaukar nauyin kansu suna ajiye kroner 2,000, wato kuɗin ƙasar, da ake mayar musu idan sun kammala zango cikin wa'adi. Haƙƙin na aiki ne cikin shekara 5. Layukan karatun uku ne: Danskuddannelse 1 ga wanda bai yi nisa a boko ba, na 2 ga mai matsakaicin karatu, na 3 ga wanda ya yi zurfi.

Hattara: ranar tantancewa faɗi gaskiyar karatunka, kada ka rage don neman sauƙi. Kowane layi da jarrabawarsa, kuma takardar zama ta dindindin kan nemi Prøve i Dansk 2, jarrabawar layi na 2, zama ɗan ƙasa kuma Prøve i Dansk 3, ta layi na 3. Ka kuma nemi makarantar ta ba ka ƙa'idar kuɗin ajiyar a rubuce.

Mataki na 2: Haruffa

Haruffa 29 ne. Na Turanci 26, sai æ, ø, å a ƙarshe. Shiga saitin kibod ɗin wayarka ka ƙara Dansk yau ɗin nan. Inda ka ga aa a sunan gari ko mutum, kamar Aarhus da Aalborg, å ce, kuma a ƙamus tana can ƙarshe, ba wajen a ba. Harafin j kuwa y ɗin Hausa ne: *ja*, wato eh, "ya" ake cewa.

Mataki na 3: Wasula, inda mafi yawan aikin yake

Hausa na da wasula biyar, kowanne da dogo da gajere. Dansk na da haruffan wasali tara, amma sautukan da ke fita daga cikinsu sun haura 20. Ka ba wa wannan mataki mako biyu ko uku, minti 15 kullum, kada ka yi gaggawar wucewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wasalin da baki ya saba da shi a karkace yana da wuyar gyara daga baya.

Fara da y. Ɗauki madubi, ka ce "iii" mai tsawo. Kada ka motsa harshe ko kaɗan, sai ka tsuke leɓɓa kamar mai shirin yin fito. Sautin da ya fito shi ne y na *ny*, sabo, da *by*, gari. Idan ka ji ya koma "u", harshenka ne ya ja baya, sake farawa daga "iii". Haka za ka yi wa ø, amma daga "eee": *øl*, *købe*, *søn*. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi Faransanci sun riga sun mallaki waɗannan biyun, su ne wasulan *tu* da *peu*.

Sai æ, wadda take e ce da aka ƙara buɗe mata baki, da å, wadda take o ce mai buɗewa. Harafin a kuma fuska biyu gare shi. A *kat*, *mand* da *dansk* yana karkata zuwa e. A *tak*, *kaffe* da *far* a ɗinmu ce sak. Galibi idan d, t, n, l ko s ne ke biye, ta farkon ce, idan kuma r na kusa, ta biyun ce.

Gajeren i sau da yawa e ake ji: *fisk*, *til*, *ikke*. Gajeren u kuma yakan koma o: *sukker*, *suppe*, *ung*.

Hattara: *kylling* kaza ce, *killing* ɗan kyanwa ne, *kælling* kuwa zagin mace ne mai muni. Wasali ɗaya ne ya raba su. Kafin ka nemi kaza a wurin cin abinci, saurari ukun a ƙamus har kunnenka ya raba su.

Tsawon wasali kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun san bambancin gari na zama da garin tuwo. Haka *læse*, karantawa, take da dogon wasali, *læsse*, yin lodi, take da gajere. Haka *hvile* da *ville*. Ƙa'idar ita ce baƙi biyu a rubutu na nuna wasalin da ya gabace su gajere ne.

Hattara: wannan baƙi biyun ba shadda ba ce. Bakin Bahaushe da ya saba raba baba da babba zai so ya danne m a *komme* ko k a *ikke*. Kada ka danne. Baƙi ɗaya ake faɗa, wasalin ne kawai ke gajarta.

Yadda za ka yi atisayen: zaɓi kalma, saurare ta sau uku ido a rufe, faɗe ta, naɗi muryarka a waya, ka saurari naka da nasu a jere. Sai bayan nan ka rubuta ta a littafi.

Mataki na 4: Baƙaƙen da ke ba Bahaushe wahala

Na farko p da f. A Hausa ko ka ce "fara" ko "para" ba wanda zai ɓata, amma a nan *fisk* kifi ne, *pisk* bulala. Don f, ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ka hura. Don p, rufe leɓɓa ruf sannan ka sake su da iska. Riƙe 'yar takarda a gaban bakinka: a *pisk* ta yi tsalle sau ɗaya, a *fisk* ta riƙa kaɗawa a hankali.

Na biyu v da b. Sautin v f ce da aka sa wa murya. *Bold* ƙwallo ne, *vold* ta'adi da duka.

A farkon kalma t na fita da ɗan huci, *ti* kamar "tsi", amma ba ts ɗin Hausa mai ƙarfi ba. A tsakiyar kalma kuwa p, t, k na laushi su koma kamar b, d, g. Shi ya sa *ikke* take fita kusan "ege".

Sai r. Ba ta tsinin harshe ba ce, daga maƙogwaro take. Wanda ya yi Islamiyya ya tuna harafin gaini na Larabci, sai ya sassauta shi: *ris*, *rød*, *tre*. Bayan wasali kuma r narkewa take yi ta zama kamar gajeren a: *mor*, *bor*, *er*. Kada ka kaɗa harshe a ƙarshen *spiser*.

Wadda ta fi kowa suna ita ce d mai laushi, ta *mad*, *gade*, *hedder*. Ba ta zuwa a farkon kalma, sai bayan wasali. Sa tsinin harshenka a bayan haƙoran ƙasa, ka bar shi nan, ka ɗaga tsakiyar harshen kaɗan ba tare da ya taɓa sama ba, ka saki murya. Da farko kunnenka zai ce l ce. Ba l ba ce, domin a l harshe na taɓa dasashin sama. Kuma ba zalun ɗin Larabci ba ce, kada harshe ya leƙo tsakanin haƙora. In ta ƙi ka a makon farko, kada ka damu, ci gaba da sauran matakan kana komawa gare ta kullum.

Ga haruffan da ake rubutawa ba a faɗa. H kafin v ko j: *hvad*, *hvor*, *hjem*, *hjælp*. D bayan l, n, r, ko kafin s da t: *kold*, *land*, *bord*, *plads*, *godt*. V a *halv*, *tolv*, *selv*. Harafin g bayan wasali kuwa ko ya ɓace ko ya rikiɗa: *jeg* "yai", *mig* "mai", *dig* "dai", *regn* kusan "rain", *løg* kusan "loi". A littafinka, ja ɗan layi da fensir a kan duk harafin da ba a faɗa.

Hattara: bakinmu ba ya son baƙaƙe a cunkushe, shi ya sa muke cusa wasali a tsakaninsu. Kada *fisk* ta zama "fisik", ko *skole* ta zama "sukole". Fara da jan s ɗin, "sss-kole", kana gajarta shi sannu a hankali.

Mataki na 5: Stød da nauyin gaɓa

*Stød* ɗan maƙalewar murya ce a cikin gaɓa, 'yar'uwar hamzar da ke cikin sa'a da jama'a, sai dai ba ta kai ta yankewa ba. Ba a rubuta ta. Ita ke raba *hun*, ita, da *hund*, kare, da kuma *man* da *mand*. A yanzu koyi jin ta kawai. Akwai yankunan kudancin ƙasar, kamar tsibiran Lolland da Falster, da karin harshensu ba shi da ita, kuma ana fahimtarsu. Ba ita za ta hana a gane ka ba.

Nauyin gaɓa ya fi ta muhimmanci. Galibi gaɓar farko ce ke ɗaukar nauyi, ban da kalmomin da suka fara da be- da yawancin masu for-, kamar *betale* da *forstå*, da kalmomin aro irin su *student*. *Billigst*, mafi araha, nauyinta a farko. *Bilist*, mai tuƙa mota, nauyinta a ƙarshe. Gaɓar da ba ta da nauyi kuwa haɗiye ta suke yi, kuma nan ne baƙo ke ɓata. A maganar yau da kullum *kan* "ka" ce, *skal* "ska", *vil* "ve", *det* "de". Jimlar *det ved jeg ikke*, ban sani ba, tana fita kusan "de ve ya ek". Wannan ba sakaci ba ne, haka harshen yake, kai ma haka za ka koye shi.

Mataki na 6: Suna, da en da et

Nan sauƙi ya fara. Kowane suna ko na *en* ne ko na *et*: *en bil*, mota, *et hus*, gida. Idan ana nufin abin da aka riga aka sani, sai a ɗauke ƙaramar kalmar a liƙa ta a ƙeya: *bilen*, *huset*. Duba yadda muke cewa na sayi mota, motar ta lalace, ko na kama gida, gidan ya yi tsada. Dabarar ɗaya ce. Mai Turanci na shan wahala a nan, kai kuwa ka taso da ita. Ka dai tuna -et ta *huset* da d mai laushi ake faɗarta a daidaitaccen furuci.

Hattara: jinsin nan ba na namiji da mace ba ne. *En mand* da *en kvinde* duk *en* ne, *et barn*, yaro, kuwa *et* ne. Babu ƙa'idar da za ta fisshe ka ko'ina. Kusan kashi uku cikin huɗu na sunaye *en* ne, to in ka rasa, cinki *en*. Amma kada ka taɓa rubuta suna a littafinka shi kaɗai. Rubuta shi gida huɗu:

en bil, bilen, biler, bilerne
et hus, huset, huse, husene
et år, året, år, årene
et barn, barnet, børn, børnene

Jam'i ke nan: ko -er, ko -e, ko babu ƙari, sai 'yan kaɗan masu sauya wasali kamar *mand* da *mænd*, *bog* da *bøger*. Wanda ya iya jam'in Hausa ba zai ji tsoron wannan ba.

Dogayen kalmomi haɗe-haɗe ne, kuma ta ƙarshe ce uwa, ita ke ba da ma'ana da jinsi. *Sygehus* gidan marasa lafiya ne, *et* ne saboda *hus*. *Kød* nama ne, to *oksekød* na sa, *lammekød* na ɗan rago, *svinekød* na alade. Mai kiyaye abincinsa ya haddace *svin*, *gris*, *skinke* da *flæsk*, waɗanda duk alade ko namansa suke nufi, kafin ya shiga kanti.

Mataki na 7: Sifa da mallaka

Sifa kafin suna take zuwa, kuma siga uku gare ta: *en stor bil*, *et stort hus*, *store biler*. Da zarar sifa ta shiga gaban sanannen abu, ɗafa-ƙeyar nan sai ta sauka, *den*, *det* ko *de* su zo gaba, sifar ta ɗauki -e: *den store bil*, *det store hus*. Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa biyun, a ce "den store bilen". Sifar ƙarami ta fita daban: *lille* a tilo, *små* a jam'i.

Mallaka a juye take da tamu. Motar Musa *Musas bil* ce, mai abu a gaba. Nawa da tawa kuwa jinsin abin suke bi: *min bil*, *mit hus*, *mine børn*.

Hattara: *han tager sin bil* motar kansa ya ɗauka. *Han tager hans bil* ta wani ce. Hausa motarsa take cewa a duka biyun, shi ya sa bakinmu ke zamewa. Idan mai aikin shi ne mai abin, *sin*, *sit* ko *sine* ne.

Mataki na 8: Wakilin suna da aikatau

*Jeg* ni, *du* kai, *han* shi, *hun* ita, *vi* mu, *I* ku, *de* su. *Du* ta ɗauke kai da ke. *I* mai babban harafi ku ce, *i* ƙarama kuma a cikin. *De* "di" ake faɗarta.

Tarbiyyarmu ta sa muna ce wa babba ku. A can *du* ake ce wa malami da likita da shugaban wurin aiki, har a kira su da sunan yanka, kuma ba raini ba ne. In ka ce wa mutum ɗaya *I*, zai ɗauka da wasu kake. Akwai *De* ta girmamawa, amma yau ba a cika jin ta ba sai wajen gidan sarauta ko wasu dattawa.

Aikatau ba ya sauyawa saboda mai aiki: *jeg spiser*, *hun spiser*, *vi spiser*. Wannan -r ɗin ita ce lokacin yanzu, kuma ta ɗauke ina ci da nakan ci. Kowane aikatau rubuta shi gida huɗu:

at arbejde, arbejder, arbejdede, har arbejdet
at spise, spiser, spiste, har spist
at være, er, var, har været
at have, har, havde, har haft
at komme, kommer, kom, er kommet
at få, får, fik, har fået

Biyun farko su ne manyan rukunai, masu -ede da masu -te. Sauran 'yan tawaye ne, hadda kawai suke so. Ƙara musu *gå*, *se*, *sige*, *gøre* da *tage* daga ƙamus.

Bayan *kan*, *vil*, *skal* da *må*, aikatau tsirara yake zuwa, babu -r, babu *at*: *jeg kan tale dansk*. Don abin da ke tafe, lokacin yanzu ya isa in ka ambaci rana: *jeg kommer i morgen*.

Hattara: *jeg vil have kaffe* magana ce mai kaushi, kamar umarni. Harshen ba shi da kalma guda ta don Allah, *gerne* ce ke tausasa roƙo: *jeg vil gerne have en kaffe, tak*.

Ga kyauta uku daga Hausa. *Der er* akwai, *der er ikke* babu. *Man* ita ce a ta ana da ake: *hvordan siger man det på dansk*, yaya ake faɗar sa da dansk. Sana'a kuma ba ta buƙatar *en*: *jeg er læge*, ni likita ne.

Mataki na 9: Tsarin jimla

In za ka riƙe ƙa'idar nahawu ɗaya tak, riƙe wannan: a babbar jimla aikatau ne ke zama a gurbi na biyu, ko me ya zo farko.

Jeg spiser ris i dag.
I dag spiser jeg ris.

A Hausa muna cewa yau ina cin shinkafa, ba abin da ya motsa. A dansk da *i dag* ta hau gaba, dole *jeg* ta koma bayan aikatau. "I dag jeg spiser" shi ne kuskuren da malamai suka fi ja wa jan biro. Ko da jimla ce sukutum ta zo farko, gurbi ɗaya ta cika: *når jeg kommer hjem, laver jeg mad*. Atisayen shi ne ka rubuta jimla biyar kan yininka, sannan ka sake rubuta kowacce kana farawa da lokaci: *i morgen*, *om aftenen*, *på mandag*. Karanta su da ƙarfi.

Tambaya: aikatau ya hau gaba, *taler du dansk?* In da kalmar tambaya, ita ce farko, aikatau na biye: *hvor bor du?*, *hvad hedder du?*, *hvornår kommer bussen?*

Korewa kalma ɗaya ce, *ikke*. A babbar jimla bayan aikatau take: *jeg kommer ikke*. A jimlar da ta rataya, wadda ta fara da *at*, *fordi*, *hvis* ko *når*, sai ta tsallako gabansa: *jeg kommer ikke, fordi jeg ikke har tid*. Haka *altid* da *aldrig* suke yi.

Hattara: in aka ce wa Bahaushe ba za ka zo ba, sai ya ce eh, yana nufin ba zai zo ba. A dansk in aka ce *kommer du ikke?*, amsar ba zan zo ba *nej* ce, ta zan zo kuma *jo* ce, ba *ja* ba. Wannan na iya ɓata alƙawari a wurin aiki.

Mataki na 10: Lambobi da agogo

Daga 1 zuwa 20 hadda ce. Daga 21 ana fara faɗar ɗayan kafin goman: *enogtyve*, ɗaya da ashirin. Daga 50 kuma lissafin da ashirin-ashirin ake yin sa: *tres* 60 ashirin uku, *firs* 80 ashirin huɗu, *halvtreds* 50 ashirin biyu da rabi, *halvfjerds* 70, *halvfems* 90. Kada ka tsaya lissafi a gaban mai kanti. Haddace biyar ɗin a jere, 50, 60, 70, 80, 90, kana tafiya kana rera su.

In ka je biyan kuɗi a kantin Netto ko Rema 1000, kada ka kalli allon farashi tukuna. Saurara. Mai karɓar kuɗi ta ce *syvoghalvtreds*: ka ji bakwai, ajiye ta a dama, ka ji hamsin, sa ta a hagu, 57. Sannan ka ɗaga kai ka duba. A rubutu waƙafi ne ke raba kroner da canji, 12,50, ɗigo kuma ke raba dubbai, 1.000.

Hattara: *halv tre* ƙarfe biyu da rabi ne, ba uku da rabi ba, wato uku saura rabi. *Kvart i tre* uku saura kwata, *kvart over tre* uku da kwata. Mutanen ƙasar ba sa wasa da lokaci, to in likita ko ma'aikaci ya ba ka alƙawari, maimaita masa da lambobi, ko ka ce *vil du skrive det?* ya rubuta maka.

Mataki na 11: Fita ka yi magana

Gaisuwarsu gajera ce. *Hej* a haɗuwa, *hej hej* a rabuwa, *godmorgen* da safe. Ba a jera tambayar gida da iyali da gajiya, kuma rashin yin ta ba ƙiyayya ba ce. Godiya kuwa suna da ita da yawa: *tak for mad* bayan cin abinci, a amsa da *velbekomme*, *tak for sidst* in ka sake haɗuwa da wanda kuka zauna tare kwanan baya, a amsa da *selv tak*. *Undskyld* ita ce gafara dai da yi haƙuri.

Babban cikas shi ne yawancinsu sun iya Turanci, da sun ji ka yi tuntuɓe sai su juya harshe don su sauƙaƙa maka. Haddace jimloli ukun nan har su riƙa fita ba tunani: *jeg vil gerne øve mit dansk*, ina so in gwada dansk ɗina, *kan du sige det igen?*, sake faɗa, da *vil du tale lidt langsommere?*, ɗan sassauta. Zaɓi wurin da ba a sauri, kamar maƙwabci dattijo ko abokin aiki lokacin hutun cin abinci, ba layin kanti da yamma ba. Laburare da yawa na shirya zaman hira kyauta da ake kira *sprogcafé*, haka ma ƙungiyoyin agaji na Røde Kors da Dansk Flygtningehjælp na da 'yan sa-kai masu taya baƙi. Tambayi laburaren unguwarku ranar da suke zama.

Ware minti 30 kullum, ka raba su haka: 10 na sauraro da maimaitawa, 10 na sababbin kalmomi biyar a gidajensu huɗu, 10 na jimloli da ƙarfi kana naɗar muryarka. Ajiye naɗin ranar farko na kowane wata don ka gwada da na baya. Wanda ke shirin Prøve i Dansk ya sani sau biyu ake yin ta a shekara, wajen Mayu da Yuni, da kuma Nuwamba da Disamba, kuma ana rufe rajista makonni da dama kafin ranar, saboda haka tambayi makarantarku ranar rufewar tun farkon zango.